Manyan Shafuka

"Wai ƙwaƙwalwa ta cika!" na daka wa kwamfutar tsawa. Wata uku na yi ina haɗe ƙananan shafukan ƙwaƙwalwarta su zama manya, don ta daina ɓata lokaci wajen nemo abin da ta ajiye. Gobe shugaban sashenmu zai gwada aikin, ita kuma ta ƙi motsi, alhali ban ɗora mata wani abin kirki ba.

Sai ga Mama a bakin ƙofa. "Ke, zo ki gani. Na kwaikwayi dabarar taki, na kawar da ƙananan gwangwanaye, na kawo manyan robobi. Nema ba wuya yanzu, amma kantar kicin ta cika."

"Mama, don Allah, aiki nake yi!"

"Ai aikin naki ne ya cinye min kicin."

Na bi ta ina ƙunƙuni. Na buɗe robar farko, wadda za ta ɗauke rabin buhun shinkafa. Kwalin ashana ɗaya ne kwance a ciki.

Nan na tuna da kwamfutar: ashe kowane ɗan abu ya mamaye babban shafi shi kaɗai.

"Mama, gwangwanayen fa?"

"Na zubar."

"Ni ma na zubar da ƙananan shafukan nawa."