Motar da Aka Kashe Daga Shago

Tanimu, tunda ka sa wa motarka na'urar nan ta bin sawu, ɗan ajiye wayar ka saurare ni.

An yi wani mai motar ɗaukar kaya, irin mutanen nan da ko inuwarsu ba su yarda da ita ba. Ya sa aka ɗaura mata tiraka, irin na'urar nan taka, daga shagonsa yana ganin motar kamar ɗan ɗigo a waya, in ya ga dama ma ya kashe injin da ɗan yatsa. Direbansa dattijo ne, sun daɗe tare, ko buhu bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Wata rana da damina, da rana tsaka, direban ya ɗauko taki zai kai wani ƙauye. Mai mota na zaune sai ya ga ɗigon ya saki kwalta ya yi daji. Ya kira direban, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Ashe ruwa ya cinye gada tun da safe, motoci duk ta mashigin rafi suke bi. Shi kuwa rafin nan, in an yi ruwa can kan duwatsu, tasowa yake yi ko da sama na nan tas. Direban ya riga ya shiga lokacin da ya hango jan ruwa na tahowa da itatuwa, kuma kowane direba ya san in an shiga mashigi ba a ɗaga ƙafa daga totur, balle a saki sitiyari a ɗauki waya. Saura ƙiris tayoyin gaba su kama tudu. Can shago kuwa mutumin naka ya miƙe tsaye yana huci, ya ce, "Ni za a sace wa mota?" Ya danna. Inji ya mutu a tsakiyar rafi.

Ya koma ya zauna har da murmushi, wai ya kama ɓarawo. Ɗigon ya tsaya cak na ɗan lokaci, sai kuma ya motsa. Motar da ya kashe da hannunsa, ga ta nan tana tafiya a hankali, ta yi gabas inda babu hanya. Sai a lokacin ya buɗa taswirar da yatsu biyu, ya ga shuɗin layin rafi, ya ga ɗigon a kansa. Ya shiga danna wajen kunnawa, baki na salati. Ina! Injin da ya sha ruwa ai ba ya tashi. Yana kallo ɗigon ya ɓace. Sai washegari masunta suka tsamo gawar direban. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan, raina ɓaci yake yi. Mai mota ya je zaman makoki, aka ba shi tabarma kusa da 'ya'yan mamacin. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce wa mai motar, "Alhaji, sai haƙuri, an ce mota ce ta mutu masa a cikin ruwa. Allah ya jiƙansa." Shi kuwa sai dai ya ce amin, ya kasa ɗaga kai ya dubi yaran.

Na'urar ba ta yi masa ƙarya ba, Tanimu, inda motar take ta nuna masa. Abin da ke gaban direban ne ba ta gani. Ai Bahaushe ya riga ya faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.