Waken da Aka Ce a Ƙone

Ka ce ƙa'idoji sun yi maka yawa, ga na kamfani ga na hukuma, alhali kayanka masu kyau ne ko babu su. To, gyara zama in ba ka misalin wani mai ajiyar wake.

Mutumin nan gadon sana'ar ya yi wajen ubansa. Da kaka yake bin ƙauyuka yana sayen wake, ya sa mata su sheƙe su tsince, ya jibge a sito sai bazara. Duk kasuwa an shaide shi: ba tsakuwa a buhunsa, ba ya gauraya sabo da tsoho, mudunsa kuma cikakke ne. Wannan suna ne ya kai shi ga wani kamfanin abinci mai neman wake da yawa. Matar da ke kula da ingancin kaya a kamfanin ta zo ta zagaya sitonsa, ta yaba, sannan ta ce masa kyan ido kaɗai ba ya isar su. Tsarin da suke bi ya hana su karɓar kayan da ya saɓa dokar ƙasa, doka kuwa ta hana a zuba wa abinci maganin feshin gona. In zai adana, ya yi da buhun nan mai leda a ciki wanda ke toshe iska, ko da maganin da aka yarda da shi, ya kuma jira wa'adinsa ya cika kafin ya fitar da kaya. Ya ce to. A ransa kuwa gani yake doka ta maha'inta ce, shi da bai taɓa cutar kowa ba me ya haɗa shi da ita? Sayen buhunan ya bar shi sai baɗi.

A shekarar zafi ya sauka da wuri. Wata safiya ya buɗe sito, wani ɗumi ya buge shi a fuska. Ya kara kunne a jikin buhu, ya ji ƙwari suna ci kamar yayyafi a rufin kwano. Ya soka hannu ya ɗebo, ƙwayoyin duk huda. Abin da ya mallaka a duniya yana cikin ɗakin nan. Maƙwabcinsa na layi ya nuna masa abin da wasu ke yi: a yayyafa fiya-fiya, maganin feshin nan na kashe ƙwari, a ja ƙofa a rufe. Ya tsaya da jarkar a hannu, maganar matar nan ta faɗo masa, sai ya ce wa kansa ai wanki da dahuwa ba abin da suke bari. Ya zuba. Ƙwari suka mutu, waken da ya rage ya tsaya fes.

Da ya kai kamfani suka ɗebi kaɗan suka auna, suka juyo da motar ko igiya ba a kwance ba. Suka sanar da hukuma, don tsarinsu ya wajabta haka. Jami'ai suka zo suka garƙame sito, suka sa ranar da za a ƙone kayan. Asarar ta yi masa ciwo, amma ƙonewar ta fi ci masa rai. Abinci ne fa, ga azumi ya ƙarato, ga unguwarsu cike da gidajen da ba sa ɗora tukunya sau biyu a yini. Akwai wasu buhuna na wannan waken da ya riga ya kai zauren gidansa, jami'ai ba su san da su ba. Ya ce tunda dukiya ta tafi, bari ko lada ya samu. Ya sa aka wanke waken sosai, aka shanya, aka raba gida-gida, har gidan 'yarsa da ke aure a bayan layinsu. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, ya ji zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Ran azumin farko unguwar ta sha ruwa da ƙosai da alala. Kafin a kira isha'i an fara amai, ana fitar da mutane a kan babura zuwa asibiti. Manya suka sha wuya suka tashi. Yara biyu ba su tashi ba. Ɗaya a cikinsu jikarsa ce, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, wadda ko sunanta ba ya iya kira don kunya sai dai ya ce Inna.

An tsare shi, an yi shari'a, daga baya ya dawo gida. Ba wanda ya zage shi a unguwar. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Mutanen da suka kwanta asibiti saboda kyautarsa su ne suka riƙa shigowa zaure suna yi masa gaisuwa, suna cewa ƙaddara ce, shi kuwa kansa a ƙasa. Sau ɗaya 'yarsa ta yi masa maganar. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta daɗe ba ta tashi ba, sannan ta ce, "Baba, dama an gaya maka?"

Ya ce, "An gaya mini."

Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita. Ba ta daina zuwa gaishe shi ba, amma ba su sake haɗa ido ba. Bai koma kasuwa ba, kuma har ya bar duniya ba a sake dafa wake a gidansa ba.

Ka ga mutumin nan ba mugu ba ne, bai ma taɓa nufin kowa da sharri ba. Ya dai auna doka da kyakkyawar niyyarsa, ya ga ya fi ƙarfinta, alhali an kafa ta ne saboda abin da ido ba ya gani a cikin ƙwayar wake. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.