Ƙofar da Aka Toshe da Duwatsu

Kai da ka ce tunda an cuce ka ka daina shiga mutane, zauna ka ji, ɗan nan.

Can a zamanin da, a bakin hamadar Masar, an yi wani gidan ibada na Kiristoci, irin mutanen nan da suka bar aure da dukiya suka keɓe don bautar Allah. Cikinsu akwai mai tsaron ƙofa, mutum mai sakin fuska. Rijiyar gidan ita duk ƙauye ke sha. Mata su shigo ɗiban ruwa, ya tambayi lafiyar yara, su bar masa dabino ko ɗan gari. Wata shekara mahara suka faɗo ta ƙofar nan, suka kashe na kashewa, suka ƙone ɗakin addu'a. Da aka gama binne gawa, babbansu ya sa aka toshe ƙofar da duwatsu, aka ƙara wa katanga tsawo. Mai ƙofa ya koma kan katanga da igiya da kwando. Ya ce, "Baba, masu ɗiban ruwa fa?" Aka ce masa, "Zura musu." Ya yi ta zura musu tulun ruwa a cikin kwandon. Ran nan wata tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Bawan Allah, mu awaki ne da za a shayar ta kan danga?" Ya ci gaba da zurawa. Mutanen ƙauye suka haƙa tasu rijiyar. Samarin da a da kan shigo su zauna a gidan, ba wanda ya yarda a jawo shi cikin kwando kamar kaza.

Mahara dai ba su sake shiga ba, wannan gaskiya ne. Tsufa ne ya shiga, shi ba ya neman ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya mai ƙofa ya binne 'yan'uwansa, har babban, ya rage shi da wasu tsofaffi da ba sa iya tashi, ga rumbu ya ƙare. Ya zura kwando, ya yi ta ƙwala kira har murya ta dishe. Ya jawo, sakayau. Sai ya sauko da ƙarfe yana ɓamɓare duwatsun da hannunsa ya jera, yatsu na jini. Da ya huda ya leƙa, yashi ya cinye hanyar, ko sawun jaki babu. Waɗanda suka san sunansa duk sun kwanta dama, jikokinsu kuwa katanga kawai suka sani.

To, ka ji. Ban ce ba a cuce ka ba, an cuce ka. Amma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.