Kaset ɗin Farasan

Naushin farko a baki ya sami Sambo, na biyu ya haɗa ƙeyarsa da bango. Kafin ya kai ƙasa Isiyaku ya fizgo wayar fanka ya shiga zabga masa. A talabijin kuwa teku na ta sheƙi abinta.

Kwana bakwai ke nan da binne Injiniya Bashari, yayan Isiyaku. Gidan marigayin na unguwar Al-Naseem a Riyad ya cika da 'yan gaisuwa tun safe, amma bayan la'asar abokan tafiya kaɗai suka rage, maza a falon waje, mata a ciki wajen Salamatu mai takaba.

Bashari ne ya haɗa tafiyar a hutun 1987. Mutanen da ruwan da suka sani bai wuce na famfo ba, suka kwashi iyali daga Riyad har Bahar Maliya, suka hau jirgin katako mai tafiya da iska, wai za su zaga tsibiran Farasan. Sambo, nas a wani asibiti, tuzuru, shi ya zo da sabuwar kyamarar bidiyo. Tun a bakin ruwa Bashari ya kafa masa doka: kada ya kuskura ya ɗauki matar kowa. Aka ɗaura labule a bayan jirgin, mata suka koma can.

Kwana huɗu ana cin kifi ana dariya. A na biyar Bashari ya ce Sambo ya karkata kyamara wajen labule, ya kwaɗa masa mari a gaban jama'a. Ba wanda ya yi mamaki. Bashari mutum ne mai saurin hannu, leburorinsa sun sani, gidansa ma an sani. Indo, matar Dakta Dalhatu, ta sha gasa wa Salamatu jiki da ruwan zafi ba tare da ta tambayi komai ba. A rana ta shida aka tsamo gawar Bashari da rotse a ka. Aka ce santsi ne ya kwashe shi, kwana ya ƙare.

Sambo da ƙafarsa ya kawo kaset ɗin yau. Ya ce shi bai iya kallo ba, amma gara a ga marigayi yana dariya ko zuciya ta yi sanyi. Bawan Allah, har da leda ya nannaɗo shi.

An ga dariyar. An ga kifi, an ga farin yashi. Sai hoto ya yanke, ya dawo da rana tsaka, jirgi a tsaye. Ga Bashari cikin ruwa, jini na bin fuskarsa. Yana ɗaga hannu, yana buɗe baki, iska ta cinye muryar. A gefen hoton ga igiya nan a naɗe, ba wanda ya taɓa ta. Can nesa a kan tsibiri kuma ga Dalhatu da Isiyaku da masu jirgin suna gashin kifi, sun ba ruwa baya. Minti huɗu cur ana ɗauka, har ruwan ya rufe.

Dalhatu ya ƙirga da yatsu. Ga shi, ga Isiyaku, ga masu jirgi, ga marigayi. Mutum ɗaya ne babu a hoton, kuma shi aka mara jiya-jiya, kuma kyamarar tasa ce. Daga nan ne Isiyaku ya tashi.

"Wallahi ina ƙasan jirgi ina amai!" in ji Sambo, baki duk jini. "A kan benci na bar ta!"

"Ita ta ɗauki kanta ke nan?" Isiyaku ya take masa hannu, aka ji yatsu sun yi ƙas. Dalhatu ma, likita guda, wanda ya san inda haƙarƙari yake, nan ya sa takalmi. Sai da Sambo ya daina kare kansa sannan Dalhatu ya riƙe Isiyaku.

"Halas, ya isa! Kada ka kashe shi a hannunka. A bar wa shurɗa, 'yan sanda su yi aikinsu."

Sambo ya ji, ya fashe da kuka irin na tsoro. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san takobin da ke jiran mai kisa ranar Juma'a.

Dalhatu ya je bakin ƙofar ciki ya yi sallama, ya faɗa wa Salamatu abin da suka gani. "Hajiya, mijinki ne. In kin ce a kai shi, yanzu za mu kai shi."

Ta ce sai ta gani da idonta.

Maza suka ja Sambo tsakar gida don a ba ta wuri. Da ta gifta cikin baƙar abaya ya ɗago kai da ƙyar. "Hajiya, ki ji tsoron Allah ki faɗa musu. Kin ga lokacin da na sauka ƙasa."

Ba ta dube shi ba. Indo ta mayar da kaset ɗin baya, ta danna, ta rufe fuska da mayafi tana salati. Salamatu ta kalla daga farko har ƙarshe a tsaye. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a waje.

"Ku kai shi."

Aka ji ƙofar mota ta rufe, kukan Sambo ya yi nisa. Indo ta kamo ta ta zaunar, tana cewa ki yi haƙuri, bai kamata ki gani ba. Salamatu ta gyaɗa kai. Jan jinin ne ya tsaya mata a rai, da shuɗin ruwan. Yau ne karo na farko da ta ga mutuwarsa da kala, don ran nan da take riƙe da kyamarar, ta ɗan gilashin da ake sa ido a jikinta, baƙi da fari ta gan ta.