Jirgin Hammanjoda Yana Hanya

Tun da ƙananan jirage suka maye gurbin motoci a tsaunin Mambila, kowane jirgi da kansa yake kiran gida ya faɗi lokacin isowarsa. Na Hammanjoda ya ɓace damina biyu da suka wuce, ranar da gajimare ya rufe duwatsu. An yi nema har an gaji, ko fiffike ba a gani ba. Amma kullum da hantsi sai wayar mahaifiyarsa, Inna Dudu, ta yi ƙara, muryar jirgin ta ce: "Muna hanya, saura minti tara." Ba ta karyawa sai ta ji.

Ranar Talata aka kira ta ofishin jirage.

"Inna, doka ta ce a rufe layin," in ji ma'aikaciyar. "Dangwala nan. Na'ura ce kawai, ba shi ba ne."

"Na sani, 'yar nan. Har sadakar arba'in na yi masa."

"To me kike jira?"

Inna Dudu ta shafa wayar, ta ce, "Bara minti goma sha ɗaya yake cewa."

Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta naɗe takardar.

"Ki dawo baɗi, Inna."