Mai Araha a Cikinsu

"Wannan ce mai araha," in ji dillalin, ya ture bindigar da ƙafa.

Mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a inuwar gidan baƙi na Kankiya, tana jiran su gama. An jera tsofaffin bindigogin soja a tabarma, gwanjon bayan yaƙin basasa, wani Bature da ke tara irinsu yana ɗagawa yana juyawa. Ta Ingila ta fi tsada, ta Indiya na biye. Mai arahar kuwa wani soja marar aikin yi ya ɓata mata katako da wuƙa.

Ta kai ido kan katakon. Zanen ƙwaryarta ne, wanda ta gada wurin uwarta, wanda autanta ya koya a gefenta kafin ya hau motar ɗaukar soja. Har yau tana ajiye masa fura.

"Inna, kawo nonon mana," dillalin ya ce.

Ba ta ji shi ba. Yatsanta na bin zanen a hankali, har inda wuƙar ta tsaya a tsakiya.

Yaron nan bai taɓa barin aiki rabi ba.