Takun Malam Sambo

Wata biyu ke nan da aka yi wa Malam Sambo aikin baya, aka dasa masa sabon ƙashin nan mai gyara wa mutum tafiya. Ciwon shekara ashirin ya tafi kamar an cire ƙaya. Sai dai duk waɗanda aka dasa wa, takunsu iri ɗaya ne. Ba a bambanta nasa da na liman ko na mahaucin unguwa.

Ran Laraba da hantsi ya dawo daga sayo goro. Matarsa Gambo, wadda idanunta suka daɗe da dushewa, tana tsinkar zogale a tsakar gida. Da ta ji taku a zaure, sai ta ja mayafi ta rufe kai.

"Maigidan ba ya nan, a dawo anjima."

"Ni ne fa, Gambo."

Ta ce, "Muryar dai taka ce, Malam. Amma da, tun daga bakin rijiya nake jin jan ƙafarka, in ɗora ruwan shayi."

Ya koma zaure ya gwada jan ƙafar hagu yadda ya saba. Amma sabon ƙashin bayan ya miƙe da kansa, a hankali, ya ɗaga masa ita.

Ya daɗe yana duban takalminsa. Can sai ya kwance maɗaurin na hagu, ya koma har bakin rijiya, ya juyo, takalmin yana jan ƙasa.

Bai kai zaure ba ya jiyo ƙarar buta a kan murhu.